Teburin da ba a tambayar kowa

Da wuya ƙarshen mako ya wuce a Amurka ba a buɗe wani babban zaure an jera tebura an shimfiɗa bindigogi a kai ba. Mutum ya biya 'yan daloli a ƙofa ya shige. Ga bindigar farauta, ga ƙaramar ta aljihu, ga AR-15 da sunanta ke yawan fitowa a labaran harbe-harbe. Ga harsasai akwati-akwati, ga wuƙaƙe, ga tsofaffin kakin soja da lambobin yaƙin duniya, har da masu tallar busasshen nama a gefe. Iyali guda kan zo, uba riƙe da hannun ɗansa. Wani rahoton gwamnatin tarayya na 1999 ya ce ana yin irin wannan baje koli fiye da sau 4,000 a shekara, kuma wanda ake yi a birnin Tulsa na jihar Oklahoma shi kaɗai yana cin tebura sama da 4,000.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a sha'anin yana bakin ƙofa ne. Yawancin masu shirya taron ba sa barin a shiga da bindiga mai harsashi a ciki. Za a karɓa a duba, a zazzage ta, a zura mata igiyar roba a ɗaure yadda ba za ta ɗanu ba, sannan a miƙo maka abarka. Wato mutanen da suka fi kowa son bindiga a duniya, da zarar sun taru a ɗaki ɗaya, su ne na farko wajen kafa mata ƙa'ida, kuma ba wanda ke cewa an tauye masa 'yanci.

Da ka shiga, tebur iri biyu za ka tarar, kuma a ido ba ka bambance su.

Na farko na dillali ne mai lasisin gwamnatin tarayya. Idan ka nuna bindigar da kake so, zai nemi katin shaidarka, ya tura maka fom mai lamba 4473. Tambayoyin cikinsa ba su da kunya. An taɓa yanke maka hukunci kan babban laifi? Kana gudun shari'a? Kana ta'ammali da ƙwaya? Kotu ta taɓa cewa hankalinka ba daidai yake ba? An taɓa samunka da laifin dukan iyali? Kai ne ainihin mai sayen, ko wani ne ya aiko ka? Ka sa hannu, ƙarya a nan laifi ce mai kai mutum kurkuku. Sai dillalin ya shigar da sunanka cikin rumbun bayanai na FBI, cikin 'yan mintoci amsa ta dawo: a sayar, a dakata, ko a hana.

Tebur na biyu na wani bawan Allah ne da ya ce shi ba ɗan kasuwa ba ne, nasa na gida ne yake ragewa. A ƙarƙashin dokar tarayya, ba dole ya tambaye ka komai ba. Abin da aka hana shi kawai shi ne ya sayar wa wanda ya sani, ko yake da dalilin zato, cewa doka ta hana shi riƙe bindiga, ko kuma mazaunin wata jiha ne. Ka ga ke nan dabarar a bayyane take: kada ka tambaya, don kada ka sani. A ƙirga kuɗi, a yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Wasu ma ba su da tebur. Suna zagaye zauren da bindiga rataye a kafaɗa, an soka takardar farashi a bakinta, cinikin kuma a ƙarasa shi a wajen ajiye motoci.

Ra'ayina a nan ba mai sarƙaƙiya ba ne. Duk dokar da ta tsare mutum da tambayoyi a wannan tebur, ta kuma bar shi ya taka ƙafa biyar ya sayi irin kayan a wancan ba tare da ko sunansa ba, masu gaskiya kaɗai take wahalarwa. Wanda ya san zai faɗi a binciken ai ba zai tsaya a teburin farko ba.

Wannan kafa ba mantuwa ce ta bar ta ba. Da gangan aka yanka ta. A 1968, bayan kashe Shugaba John Kennedy da bindigar da aka yi odarta ta gidan waya, da kuma kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a cikin wata biyu, majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa duk mai sana'ar sayar da bindiga ya mallaki lasisi, ta kuma lissafa waɗanda ba a sayar musu. A 1986, da matsin lambar ƙungiyar masu bindiga ta NRA, aka yi wata doka da Ronald Reagan ya sa wa hannu. Ita ce ta tabbatar wa dillalai damar kai hajarsu wuraren baje koli, ta ce wanda ke sayarwa jefi-jefi ko yake rage abin da ya tara ba ɗan kasuwa ba ne, ta kuma haramta wa gwamnatin tarayya buɗe rajistar masu bindiga. Da aka zo 1993 aka yi dokar Brady, mai sunan kakakin Reagan da harsashi ya naƙasa a harin da aka kai wa shugaban a 1981, sai aka ɗora wajibcin binciken a kan masu lasisi kaɗai. Rumbun FBI ya fara aiki a 1998. Mai tebur na biyu, ba a ko waiwaye shi ba.

Ba a jima ba aka ga sakamako. Ranar 20 ga Afrilun 1999 wasu ɗalibai biyu suka shiga makarantarsu ta Columbine a jihar Kolorado suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya. Uku daga cikin bindigogi huɗu da suka ɗauka, wata ƙawarsu 'yar shekara 18 ce ta saya musu a wani baje koli kusa da Denver, lokacin su shekarunsu ba su kai ba, kuma daga hannun masu sayarwa marasa lasisi. Daga baya ta shaida wa majalisar jihar cewa da an nemi ta ba da sunanta ko a bincike ta, da ba ta saya ba. Wata guda bayan kisan, majalisar dattawa ta kaɗa ƙuri'a kan toshe kafar, aka yi kunnen doki 50 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ya raba gardama. Ƙudirin ya je majalisar wakilai ya mutu a can. Mutanen Kolorado suka gaji da jira, a 2000 suka toshe ta da kansu ta ƙuri'ar raba gardama, haka ma na Oregon.

A Disambar 2012 aka kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai da manya 6 a firamaren Sandy Hook. Sanatoci biyu da NRA ke yabo, Joe Manchin da Pat Toomey, ɗaya daga kowace jam'iyya, suka kawo ƙudiri mai sauƙi na a riƙa bincike a baje koli da cinikin intanet. Ya samu ƙuri'a 54 cikin 100, amma ƙa'idar majalisar na son 60. Ƙudirin ya faɗi, wasu daga iyayen yaran na zaune a benen 'yan kallo na majalisar suna gani. Alhali ƙuri'un jin ra'ayi sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 80 na Amurkawa, har da masu bindigar, suna goyon bayan a binciki kowane mai saye.

To, ɗaya ɓangaren fa? Suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tambayi fursunoni a 2016 inda suka samo bindigar da ke hannunsu lokacin da suka aikata laifi. Waɗanda suka ce a baje koli ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kashi 43 sun ce a titi ko kasuwar bayan fage, kusan kashi 25 daga ɗan'uwa ko aboki, wasu kuma sata suka yi. Masu kare baje koli suna ɗaga wannan adadi suna cewa: ga shi nan, kuna ta hayaniya a kan wurin da tsofaffi ke zuwa neman bindigar kakanninsu, ɓarayi kuwa suna can lungu. Suna ƙarawa da cewa wanda ya yi kisan Sandy Hook bindigogin mahaifiyarsa ya ɗauka, waɗanda ta saya bisa ƙa'ida. Wanda ya kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Teksas a 2022, a shagon mai lasisi ya saya, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18, ya kuma tsallake binciken lafiya lau. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk mai cewa toshe kafar baje koli zai kawo ƙarshen harbe-harbe a makarantu yaudarar mutane yake yi.

Sai dai a sake duba wannan kashi 43 ɗin. Bindigar da ke titi ba a titi aka haife ta ba. Kusan kowace daga masana'anta ta fito da lambarta, ta je hannun dillali, wani ya cike fom ya saya. Tsakanin wannan mai sayen na farko da yaron da ya harbi wani a wata unguwa ta Chicago akwai hannaye biyu, uku ko biyar, kuma a jihohi da dama ba ɗaya daga cikin waɗannan musaye-musayen da doka ta ce a rubuta. Fursunan da aka tambaya hannu na ƙarshe kawai ya sani. Bai san inda mai sayar masa ya yi sari ba.

A 2009 hukumar birnin New York, lokacin Michael Bloomberg na magajin gari, ta tura masu bincike a ɓoye zuwa wuraren baje koli a jihohin Ohio, Tennessee da Nevada. Suna zuwa tebur su yi ciniki, sai su ce wa mai kayan a fili: ni fa da wuya in tsallake bincike. Cikin masu sayarwa 30 marasa lasisi, 19 sun karɓi kuɗin sun miƙa bindiga. Haka nan mutumin da ya kashe mutum 7 a garuruwan Midland da Odessa na Teksas a Agustan 2019. Ya je sayen bindiga a shago a 2014, binciken ya hana shi saboda wani hukuncin kotu kan lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Tsarin ya yi aikinsa. Sai ya nemi wani mai sayarwa a gida ya saya a wurinsa, ba ma a baje koli ba. Wannan ke nuna cewa zauren da teburansa fuskar matsalar ce kawai. Jikinta shi ne duk wani cinikin bindiga tsakanin mutum da mutum, a intanet ne, a gareji ne ko a bayan mota.

Wanda ya san kara ya san dalilin da ya sa ba a sayen saniya daga hannun baƙo haka kawai. Sai dillali ya tsaya, wanda ya san mai ita, wanda in gobe aka zo cigiya zai ce wane ne ya kawo ta daga gari kaza. La'adar da ake ba shi ba ta iya baki ba ce kaɗai, ta wannan tsayawar ce. Ba wanda ya taɓa cewa hakan ya hana shi mallakar shanu. Abin da ake nema a Amurka bai wuce haka ba: mai saye da mai sayarwa su je gaban mai lasisi, a duba suna, a rubuta. Kimanin jihohi ashirin sun riga sun yi irin wannan doka, wasu ga kowace bindiga, wasu ga ƙanana kaɗai, kuma har yau ana baje koli a cikinsu.

Amma ni ina ganin binciken shi kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne nake rabuwa da masu ganin magana ta ƙare da an ce a binciki kowa. Dokar da ba a iya gane wanda ya karya ta, takarda ce kawai. A garin Martinsburg na jihar West Virginia akwai cibiyar ATF, hukumar tarayya mai kula da dokokin bindiga, da ke bin sawun bindigogin da aka tsinta a wurin laifi. Saboda dokar 1986, ba a yarda ta tara bayanan cinikin bindiga a kwamfuta yadda za a buga suna a gani ba. Shagunan da suka rufe suna aiko mata da takardunsu kwali-kwali, wasu sun jiƙe, wasu sun ƙone rabi, har ta kai ana cusa su a kwantena a waje don kada nauyinsu ya rushe dabe. Idan ɗan sanda ya aiko da lambar bindiga, ma'aikaci ya buga waya masana'anta, daga nan babban dila, daga nan shago, mai shago ya buɗe fayil ya karanto suna. In aka je wa mai sunan ya ce ai tuni na sayar wa wani mutum mai hula, ban san sunansa ba, to sawu ya ɓace, kuma a jihohi da yawa bai yi laifin komai ba. Bayanan wanda ya tsallake binciken FBI kuwa, doka ta ce a goge su cikin awa 24. Wannan a ƙasar da wayar aljihunka ta san inda ka kwana jiya.

Binciken masana ma ya karkata nan. Da aka duba Kalifoniya bayan ta wajabta binciken kowa a farkon shekarun 1990, ba a ga wani sauyi a yawan kisa da za a jingina wa dokar ba. Inda aka ga bambanci shi ne jihohin da ke neman mutum ya fara samun izinin saye, ya je da ƙafarsa gaban hukuma. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun danganta irin wannan doka ta Connecticut ta 1995 da raguwar kisa da bindiga, sun kuma danganta soke ta da Missouri ta yi a 2007 da ƙaruwarsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda aka aika ya sayo wa wani, zai iya zuba ƙarya a fom cikin shago, amma zai yi tunani sau biyu kafin ya je ofishin 'yan sanda ya nuna fuskarsa. Ga kuma jinkirin da neman izini ke kawowa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a 2021, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu. Wannan ɓangaren ba a cika maganarsa ba, domin ba ya zuwa da jiniya da kyamarori.

Tsoron masu bindiga shi ne rajista ƙofar ƙwace ce. Suna nuna Ostireliya, inda bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996 gwamnati ta haramta wasu nau'o'i ta karɓe kimanin bindigogi 650,000 ta biya diyya. Akwai kuma wani tsoron da na fi ganin girmansa, na baƙar fata. A 1956, bayan an jefa bam a gidansa a Montgomery, Martin Luther King ya nemi izinin riƙe bindiga, hukumomin Alabama suka hana shi. A 1967 Kalifoniya ta hana yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a ne bayan 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther sun fara yi, kuma Reagan ne gwamnan da ya sa hannu. Duk inda aka bar wa jami'i ikon ya ba wanda ya ga dama, an san wanda zai hana.

Maganin wannan shi ne a cire ganin damar, a bar sharuɗɗan a rubuce: duk wanda ya cika su a ba shi, cikin kwanaki sanannu, da kuɗi kaɗan. Kotun Ƙoli ma ba ta rufe wannan ƙofa ba. A hukuncin Heller na 2008, inda ta ce gyaran fuska na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya ba kowane mutum 'yancin ajiye bindiga a gidansa, alƙali Antonin Scalia, wanda ba a zarginsa da ƙin bindiga, ya rubuta cewa 'yancin yana da iyaka, kuma ba a taɓa sharuɗɗan da ake gindaya wa cinikinta ba. A hukuncin Bruen na 2022 abin da kotun ta rushe shi ne tsarin New York na sai ka gamsar da jami'i cewa kana da buƙata ta musamman. Batun ƙwace kuwa, a ƙasar da aka ƙiyasta a 2017 cewa farar hula na riƙe da bindigogi miliyan 393, sun fi mutanen yawa, majalisar da ta kasa samun ƙuri'a 60 don a tambayi sunan mai saye ba ita ce za ta bi gida-gida ba.

Bayan Uvalde an ɗan motsa. A Yunin 2022 Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta faɗaɗa ma'anar mai sana'ar bindiga zuwa duk wanda babban burinsa riba ne, ta kuma mai da saya wa wani da safarar bindiga laifuka masu zaman kansu. A 2024 ATF ta fitar da ƙa'idar aiwatarwa, Teksas da wasu jihohi suka garzaya kotu, alƙali ya dakatar da ita a wurinsu.

Da a ce illar ta tsaya a cikin Amurka, da sai mu ce gida bai ƙoshi ba, ina ruwanmu da na dawa. Ba ta tsaya ba. Meksiko na da tsauraran dokoki, sojoji ne ma ke sayar da bindiga ga farar hula, amma kusan kashi 70 na bindigogin da aka kama a can aka nemi a bi sawunsu, daga Amurka suka tsallako. Meksiko ta kai kamfanonin ƙera bindiga ƙara a 2021, Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙarar a 2025. Mu ma ta taɓa mu. A 2022 wata kotun tarayya a jihar Maryland ta samu wasu mutane da laifin cusa bindigogi da harsasai a kwantena daga tashar Baltimore zuwa Najeriya, da nufin isar da su ga 'yan awaren Kamaru.

Sannan muhawarar kanta ta iso mu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin, tunda dokar makamai ta 1959 ta bar ikon a hannun tarayya. Ba zan zauna a inuwa in yi wa manomin da aka sace wa mata da 'ya'ya wa'azin haƙuri ba. Wanda hukuma ta kasa karewa yana da hujjar da ta fi ta duk wani mai yawon baje koli a Oklahoma. Amma duk lokacin da maganar ta taso sai ka ji wani ya ce ai a Amurka kowa na da tasa. Haka ne, kuma Amurkar da ke da FBI da kotuna da katin shaida a aljihun kowa ta kasa sanin inda bindiga take da zarar ta bar hannun mai sayen farko. Ba da lasisin ba shi ne mai wuya ba. Wanda ya karɓi bindiga bana, in baɗi damina ta ƙi, ko ciwo ya kwantar da iyali, zai sayar da ita ga wanda ya fi ba da kuɗi, kuma a dajin Zamfara an san masu kuɗin. Duk gwamnan da zai sake kawo wannan shawara, ina so in ji ya faɗi wanda zai riƙe littafin, wanda zai zo duba bindigar bayan shekara, da abin da za a yi wa mai lasisin da aka tarar da takarda a hannunsa babu bindigar.